Kwano Uku, Kwano Biyu, Kwano Ɗaya: Ina Furotin Yake a Haɗin Abincin Kaji na Gida?

Tun da kuɗin buhun abincin kaji ya zabura ya bar kuɗin kiret ɗin ƙwai a baya, kusan kowane mai kiwo ya zama ɗan haɗi. Akwai wani lissafi da ke yawo baki da baki. Na ji shi a bakin injin niƙa, na kuma ji matan unguwarmu suna ba juna shi kamar sirrin miya: kwano uku na masara, biyu na dusa, ɗaya na waken suya, a barbaɗa gishiri da garin ƙashi, shi ke nan. Wanda ya ba ka zai rantse maka da shi kajinsa suka girma, kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya manta bai faɗa maka ba shi ne waɗanne irin kaji ne, kuma watansu nawa a duniya.

Na taɓa ɗora wannan haɗi a kan sikeli don in ga abin da ke cikinsa. Tiyar masara takan yi kusan kilo biyu da rabi, uku ke nan kilo 7.5. Tiyar waken suya ita ma wajen kilo 2.5. Dusa kuwa rabinta iska ce, tiya guda da ƙyar take kai kilo ɗaya, sai mu ce biyun kilo 2. Duka kilo 12. A kowane kilo 100 na masara akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin kilo 9. A soyayyen waken suyan da ba a cire wa mai ba, kimanin kilo 37. A dusar masara, 10 zuwa 11. In aka tara, furotin ɗin da ke cikin kilo 12 ɗin nan bai cika kilo biyu ba, giram 1,800 ne da 'yan kai. Kaso 15 cikin 100 ke nan.

Kaso 15 abinci ne mai kyau ga sagarar da ta wuce wata biyu tana jiran lokacin ƙwai. Kajin Hausa da ke fita tone-tone su ƙara da ƙwari, ya ishe su har da tukuici. Amma ɗan tsakon buroila, wato kazar da ake kiwo don nama, da aka ɗora a kan wannan haɗi, da yunwa yake kwana ko da cikinsa ya cika dam. Kazar da ke ƙwai kullum kuwa za ta daure na 'yan makonni tana cirowa daga jikinta, daga nan kiret ya fara raguwa, mai ita ya bazama shagon magani neman abin da ba shi ne ciwon ba.

Abin da masana kiwo suka tsaya a kai ba shi da wuyar riƙewa. Buroila daga ƙyanƙyasa zuwa sati uku ko huɗu yana son kaso 22 zuwa 23, shi ne abincin da ake kira sitata. Daga nan har yanka sai finisha, kaso 18 zuwa 20. 'Yan tsakin kajin ƙwai suna farawa da wajen kaso 20 har sati takwas, su sauko 15 ko 16 a gurowa, wato abincin masu tasowa, in ƙwai ya zo a koma 16 zuwa 18. Noiler da ire-irenta da ke tsakanin na gida da na gona suna tafiya lafiya a kan tsarin kajin ƙwai. Dalilin da ya sa na farkon ya fi tsauri a fili yake. Ɗan tsakon buroila yana fitowa da nauyin giram 40 da ɗoriya, cikin kwana bakwai ya ninka kansa sau huɗu ko fiye. Tsoka, jini, gashi, duk da furotin ake gina su, ga shi cikin nasa ɗan mitsitsi. Babu wurin ajiye dusa a irin wannan ciki.

Abin da lambar jikin buhu ba ta faɗa

Idan ka ga an rubuta kaso 17 a jikin buhu, ba furotin aka ƙirga kai tsaye ba. Tun 1883 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak mai suna Johan Kjeldahl ya fito da hanyar auna sinadarin naitirojin a cikin abinci, kuma har yau ita ko danginta ake bi. Tun da naitirojin kusan kaso 16 ne na nauyin furotin, sai a ninka abin da aka samu da 6.25, a ce ga furotin. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da ƙofa. Takin yuriya kaso 46 na nauyinsa naitirojin ne. Ninka shi da 6.25, zai ba ka 287. Wato ɗan algus ya barbaɗa yuriya kaɗan a lalataccen garin kifi, gwaji ya nuna lamba mai kyau. Saniya da tunkiya suna iya amfana da yuriya kaɗan saboda ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu. Kaza ba ta da tumbi, a gare ta wahala ce zalla. Wannan ƙofar ce aka bi da sinadarin melamin a abincin karnuka da kyanwoyi a Amurka a 2007, da madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008.

Ko babu algus ma, lambar ba ta gama magana ba. Furotin ba dunƙulen abu ɗaya ba ne. Ƙananan gaɓoɓi ne wajen iri 20 a sarƙe, ana ce musu amino asid. Kaza ta ci, cikinta ya warware su, jikinta ya sake sarƙa su ya yi tsoka ko farin ƙwai ko gashi. Wasu jikin yana iya ƙera su da kansa, wajen goma kuwa sai ta same su a abinci. Duk wanda ya taɓa buga bulo ya san yadda abin yake. Ka zube yashi tifa guda, in siminti buhu biyu gare ka, bulon buhu biyu za ka buga, sauran yashin yana nan a zube iska na kwasa. A abincin da aka gina kan masara da waken suya, simintin da ke fara ƙarewa sunansa metiyonin, sai layisin ya biyo baya. Da zarar ɗayansu ya ƙare, ragowar furotin ɗin da ka saya da kuɗinka jiki zai ƙone shi, ya fitar da shi a wannan farin da ake gani a kan kashin kaji.

A nan ne tunkuzar gyaɗa take yaudarar mutane. A takarda ita da tunkuzar waken suya kusan kai ɗaya suke, ta gyaɗa 40 zuwa 45, ta waken suya 44 zuwa 48. Amma layisin da ke cikin ta gyaɗa da kaɗan ya wuce rabin na waken suya. Mutum biyu za su haɗa abinci mai kaso 22, ɗaya da waken suya, ɗaya da gyaɗa zalla, a sati huɗu ka ga kajinsu kamar ba rana ɗaya aka ɗauko su ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ban ce a watsar da gyaɗa ba, mu da ita muka tashi kuma sau da yawa ta fi sauƙin samu. Abin da na ga ya fi shi ne a bar waken suya ya ɗauki kashi biyu cikin uku na nauyin, gyaɗa ta cike sauran. Tunkuzar riɗi ita kuma halinta daban: metiyonin ɗinta ya ninka na waken suya ko kusa da haka, layisin ɗinta ne ƙalilan, don haka in suka haɗu sai kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sai dai riɗinmu na Jigawa da Nasarawa yawanci ƙasar waje yake tafiya da mansa, tunkuzar ba ta cika zama a kasuwa ba.

Hanya mafi gajarta ita ce fararen garin nan biyu da ake sayarwa a shagunan kayan haɗi, metiyonin da layisin. Giram 150 zuwa 250 na kowanne a kilo 100 shi ne abin da aka saba sawa. Na san masu kiwo da yawa da ke ganin wannan almubazzaranci ne, tun da kilo ɗinsa yana da tsada. Sai dai kilo ɗaya na haɗa buhu goma sha shida ko fiye na kilo 25. A ganina babu kuɗin da ke dawowa da sauri a cikin haɗin gaba ɗaya kamar wannan.

Mai noma masarar kansa yana da wata dabarar. Akwai irin masara mai ingantaccen furotin da aka fitar a Ghana a 1992 da sunan Obatanpa, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a nan da sunan SAMMAZ 14. Yawan furotin ɗinta kusan ɗaya ne da na sauran masara, amma layisin ɗinta ya doshi ninki biyu. Ido ba ya bambanta ta da sauran farar masara a kasuwa, shi ya sa wanda ya shuka ne kawai zai iya dogara da ita.

Kowane kaya da halinsa

Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke toshe aikin ruwan narkar da furotin a hanjin kaza. A niƙa shi ɗanye a ba su, za su ci, su yi ta zawo, ba girma. Zafi ne ke kashe wannan sinadari, ko a soya a kasko ana juyawa ba tsayawa, ko a dafa a tafasasshen ruwa na wajen minti 30 a shanya ya bushe sarai. Alamar ya soyu ita ce a fasa ƙwaya a ga cikin ya yi ruwan zuma, a tauna a ji gafin ɗanyen wake ya tafi. In ya yi baƙi kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin layisin ɗin da ake nemansa dominsa shi ne wuta ke fara cinyewa. Sannan a riƙe wannan da kyau: wanda aka soya a gida yana nan da mansa, wajen kaso 18 na nauyinsa mai ne, don haka furotin ɗinsa 36 zuwa 38 ne. Lambar 44 ta tunkuzar kamfanin mai ce. Mutane da yawa suna lissafi da 44 suna zuba mai 37.

Babban abin tsoro a gyaɗa shi ne fumfuna. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili, har aka bi sawu aka gano tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce. Daga nan duniya ta san gubar afalatoksin. Hanta take ci, ta rage ƙwai, ta karya garkuwar jiki har rigakafin da aka yi wa kaji ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Suya ba ta kashe ta, dafuwa ma haka. Tunkuzar da ta dunƙule, ko ta yi kore-kore, ko take warin daɗewa, araharta ba ta ado. Haka masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Agwagi da talotalo sun fi kaji saurin faɗuwa. Ƙuli-ƙulin ci na kasuwa kuma, a tuna an sa masa gishiri, wani har yaji da sukari, sai a rage gishirin haɗi in da shi za a yi.

Garin kifi na waje yana kai kaso 65 zuwa 72, kuma amino asid ɗinsa a cike suke. Na gida kuwa, wanda ake niƙawa daga ɓurɓushin busasshen kifi, kowane buhu da nasa labari. Kafin ka biya, zuba cokali biyu a kofin gilashi mai ruwa ka motsa, ka ba shi minti biyar. Abin da ya kwanta a ƙasa zai gaya maka ko kifi ka saya ko yashin bakin kogi. Ga kajin ƙwai kada ya wuce kilo 3 zuwa 5 a ɗari, in ba haka ba ƙwai ya fara ƙarni. Garin jinin mayanka da aka dafa aka busar yana da wajen kaso 80, amma a karkace yake, kaji ba sa son ɗanɗanonsa, kilo 2 ko 3 ne iyakarsa. Wasu masu kiwonmu ba sa taɓa shi sam saboda addini, wannan kuwa magana ce ta malamai, kuma haɗi yana tashi lafiya ba tare da shi ba.

Angurya ta masu kiwon sa da rago ce. A yankunan auduga irin su Funtuwa da Gusau arha take, shi ya sa take jan hankali, amma tana da wata guba mai suna gosifol, kuma in kazar ƙwai ta ci da yawa, gwaiduwa takan rine ta yi duhu bayan ƙwan ya ɗan kwana biyu. Dusar alkama kaso 15 zuwa 17 ce, ta fi ta masara. Dusar shinkafa in tsantsa ce 12 zuwa 13, in kuwa ta ƙananan injina ce da ta gauraya da ɓuntu, cika ciki ne kawai. Dawa, musamman kaura da farafara, da gero, duk suna iya maye masara, furotin ɗinsu ma ya ɗan ɗara nata. Jar dawa mai bauri ce ake rage wa hannu. Busasshen ganyen zogale ya kai kaso 25 ko fiye, kilo 3 zuwa 5 a ɗari yana gyara launin gwaiduwa, amma ba zai ɗauki nauyin waken suya ba komai yabon da ake masa.

Lissafin kansa

Akwai tsohuwar dabara da ake koyarwa a kwalejojin aikin gona, murabba'in Pearson. Ba sai an zana ba ma. A ce kana da masara mai 9 da tunkuzar waken suya mai 44, kana neman 20. Ka cire 20 daga 44, saura 24, wannan ne rabon masara. Ka cire 9 daga 20, saura 11, rabon waken suya ke nan. Duka 35. A kilo 100, masara za ta ci 24 cikin 35, wajen kilo 69, waken suya kilo 31. In kayan sun fi biyu, sai a fara haɗa 'yan ƙarfi wuri ɗaya a fitar da matsakaicinsu, a yi wa 'yan furotin haka, sannan a yi lissafin kamar kaya biyu ne.

Ga ramin da na faɗa da kaina a karon farko, kuma na ga mutane da dama a cikinsa. Abincin kazar ƙwai dole ya ɗauki kalsiyam kaso 3.5 zuwa 4, domin ɓawon kowane ƙwai yana cin wajen giram 2. Don haka farar ƙasa (garin dutse mai kalsiyam) ko garin ɓawon kawa, da garin ƙashi, da gishiri, da firimis (haɗin bitamin da ma'adinai), sukan cinye wajen kilo 12 a cikin 100, kuma furotin ɗinsu ba abin ƙirgawa ba ne. Ni kuwa na yi lissafin 17 a kan masara da waken suya, na auno kilo 88, na juye kilo 12 ɗin nan a kai, ina ta murna na haɗa mai kaso 17. Ashe 15 na haɗa. Kilo 88 mai kaso 17 furotin ɗinsa kilo 15 ne, kuma yanzu kilo 100 zai raba. Daidai shi ne a fara ware kilo 12 ɗin, sannan a tambayi kai: kilo 88 ɗin da ya rage, kaso nawa zai kai kafin ya ɗauki kilo 17? Amsar 19.3. Da ita za a yi lissafin, sai ya ba da masara kilo 62 da tunkuzar waken suya kilo 26. Wanda kuma ya zuba soyayyen gida kilo 26 a madadin na kamfani, ya sake komawa 15 ta wata hanyar.

Ga misalin haɗin kajin ƙwai na kilo 100 da mutum zai iya bi da biro ya tabbatar. Masara kilo 55 tana kawo furotin kilo 4.95. Tunkuzar waken suya kilo 16, kilo 7.04. Tunkuzar gyaɗa mai 42, kilo 8, ta kawo 3.36. Dusar alkama kilo 9, ta kawo 1.44. Jimla 16.8. Sai farar ƙasa kilo 8.5, garin ƙashi kilo 2.5, kilo ɗayan ƙarshe kuma a raba shi: gishiri giram 300, firimis na kajin ƙwai 250, metiyonin 200, layisin 150, maganin kama gubar fumfuna 100. Ba wahayi ba ne, kayan da ke hannunka da farashin ranar su za su sa ka matsa nan ka rage can. Amma duk abin da ka canza, ka sake tarawa.

Wajen farashi ma buhu yana ruɗi. Mu ƙaddara kilon tunkuzar waken suya naira 900 ne, kilon dusar alkama 350. Raba 900 da 0.44, kilon furotin ya tashi a wajen 2,050. Raba 350 da 0.16, ya tashi wajen 2,190. Dusar da ake ganin ita ce rangwame, in furotin ake nema, ta fi tsada. Haka masu sayen buhun kamfani su ƙara masa dusa don ya yi auki. Awo biyu na abinci mai 17 da awo ɗaya na dusar masara, a kan sikeli, ya sauko ƙasa da 15, kalsiyam da firimis kuma kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ƙwai mai laushin ɓawo ne ke fara kawo ƙara.

Giram kaza take ƙirgawa

Duk wannan magana ta kaso, mu ce ta dama. Kaza giram ta sani. Mai ƙwai irin su ISA Brown ko ShikaBrown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, tana buƙatar furotin giram 17 zuwa 19, ta mayar maka da wajen giram 6 a cikin ƙwai guda. Kuma kaza tana ci ne har ta sami ƙarfin da jikinta ke nema, daga nan ta ɗaga kai. Abinci mai yawan mai zai ƙosar da ita da wuri, ta bar furotin a kwano. Mai yawan dusa kuma zai cika mata ciki kafin ta sami ko ɗaya.

Sai zafin Maris da Afrilu ya zo. Kaji su buɗe baki, su saki fukafukai, ci ya ragu. Wadda ke cin giram 115 na abinci mai 16.5 a lokacin sanyi tana samun giram 19. In zafi ya mayar da ita giram 95, giram 15.7 take samu daga abinci ɗaya, buhu ɗaya, hannu ɗaya. Mai kiwo ya ce an canza masa kaya, alhali rana ce ta canza. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a lafta waken suya, sai dai narkar da furotin ya fi narkar da mai da sitaci tayar da zafi a jiki. Abin da ya fi shi ne a ɗaga furotin da maki ɗaya kawai, a ƙara metiyonin da layisin, a rage dusa, a sa mai kilo ɗaya ko biyu, a ba da mafi yawan abincin da asuba da kuma bayan la'asar, ruwa ya zama mai sanyi.

Wuce gona da iri shi ma yana da nasa haraji. Furotin ɗin da ya yi yawa ƙoda ce ke aikin fitar da shi, kaji su yi ta shan ruwa, diddigar da aka shimfiɗa musu ta jiƙe, ɗaki ya ɗauki warin da ke sa ido hawaye, ƙafafu su fara gyambo. Mafi muni a wannan fanni shi ne ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai don shi ne a gida. Furotin ya gaza musu, kalsiyam kuma ya ninka abin da suke buƙata sau uku ko huɗu, ya lalata musu ƙoda.

Kajin Hausa lissafinsu ya bi damina da rani. Da damina ƙwari da tsutsa da ɗanyen haki suna cike musu gurbi, tsaba kawai suke nema. Da rani ne ƙasa ke bushewa su rame. Iyayenmu da ke kifa tukunya cike da karmami da kashin shanu a kan hanyar gara, su kwaso da safe su zube wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi, furotin suke ba su tun kafin a san sunansa.

Haɗi mai kyau a takarda yana iya lalacewa a kan siminti. Giram 200 na metiyonin a cikin kilo 100 ba zai watsu da juyi biyu na shebur ba. A fara cuɗa ƙananan kayan a cikin kilo biyu ko uku na garin masara, a ƙara wannan a cikin kilo goma, sannan a barbaɗa a kan babban tsibi, a kwashe shi daga wannan gefe zuwa wancan aƙalla sau huɗu. Niƙa ya zama ɓarza daidai wa daida, domin kaza da ido take ci: za ta tsince manyan ƙwayoyin masara ta bar gari a ƙasa, garin nan kuwa a cikinsa firimis da amino asid suke. Sau ɗaya a rana a bar su su side mazubin abinci tas kafin a ƙara. Kuma kada a haɗa abin da zai wuce sati biyu ko uku a ajiye, balle mai waken suyan gida da man cikinsa ke saurin juyawa.

Shaidar ƙarshe a jikin kajin take. Buroila goma a ɗebo ba zaɓe, a ɗora a sikeli ranar da suka cika kwana bakwai, a maimaita kowane sati a rana ɗaya, a rubuta. Na masu ƙwai, a auna kiret guda: ƙwan kazar da ta zauna da ƙwai wajen giram 60 ne, kuma ƙanƙancewarsa kan riga raguwar yawansa bayyana in metiyonin ya gaza. Gashi a hargitse, ko kaji suna figar juna suna haɗiye gashin, shi ma abin lura ne, ko da yake cunkoso da yawan haske suna kawo hakan. In 'yan kwana bakwai suka gaza giram 150 alhali ɗumi da ruwa ba su da matsala, a ɗebi rabin kilo na tunkuzar da rabin kilo na haɗaɗɗen abincin, kowanne a ledarsa, a kai ɗakin gwaji na tsangayar aikin gona, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, a ce a auna furotin da danshi da toka. In tokar garin kifi ko ta tunkuza ta fito da yawa fiye da kima, yashi aka sayar maka.